Kular Maame Afia

Ranar Asabar da hantsi, saura kwana tara Kirsimeti, Shamima ta baje ambulan huɗu a kan teburin falon mahaifiyarta a unguwar Morrisania ta birnin New York, tana rubutu a bayan kowace. Aikin kula da tsofaffi take yi, kuma tun watan Satumba take karɓar ƙarin awoyi har ta tara dala ɗari uku da ashirin. Kuɗin ba yawa, amma bayanta ya san yadda aka yi suka taru.

Mijinta Latif yana gefe da kofin shayi, ya nutsu kamar ɗan makaranta, don haka yake zama duk ranar da suka zo gaida surukarsa. Mahaifiyar tata, Hajiya Adjara, ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Me kike lissafawa tun ɗazu kamar mai shago?"

"Bajet ne, Mma. Arba'in na tsohuwar da nake kula da ita, arba'in na mai gyaran benenmu, sittin na abokan aiki. Ɗari da tamanin na Maame Afia, na ga wata rigar sanyi a Fordham Road an yi rangwame."

Maame Afia ita ce mahaifiyar Latif. Shi ya musulunta tun kafin ya san Shamima, ita kuwa uwar tana nan da cocinta, tana zaune ita kaɗai a unguwar Jamaica, can wani gefen birnin. Da ƙyar Hajiya ta yarda da auren, kuma sai da ta kafa sharaɗi: ranar Kirsimeti ba mai taka gidan can. Shekara uku suna bin sharaɗin. Bara Maame ta dafa jalof da kazar da ta sayo wurin mahauci musulmi, ta jera faranti uku, ta jira har abincin ya huce. Da Shamima ta ji labari sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka.

Hajiya ta riƙe haɓa.

"Kyautar Kirsimeti? Ga bikin ɗiyar Hajiya Rafia ya matso, ko kuɗin ashoɓi ba ki ba ni ba, za ki kwashi gumin jikinki ki kai wa masu coci?"

"Kai mata zan yi da hannuna, Mma. Bana can za mu wuni."

"To ki ji da kyau. In kika taka gidan nan ranar, kada ki sake taka nawa."

Latif ya ajiye kofi a hankali. "Shamima, bar maganar. Maame za ta fahimta, ai ta saba."

Wannan kalma ce ta ƙona mata rai fiye da faɗan uwarta. Ta juya ta dube shi ido cikin ido.

"Ta saba? Uwarka ta saba cin abinci ita kaɗai, kai kuma ka faɗa ba kunya? Ni ban saba ba." Ta koma ga Hajiya. "Mma, ba coci za ni ba, ba sallata zan bari ba. Matar da ta haifa min miji zan kai wa rigar sanyi. Addinin da kika koya min bai ce a wulaƙanta uwa ba."

"Yau ni kike wa wa'azi?"

Shamima ta miƙe tsaye. Ta shiga kicin, ta miƙa hannu saman firji ta sauko da wata jar kula, ta kawo ta dire a kan tebur.

"Ta waye wannan, Mma?"

Hajiya ta kau da kai, don ta san amsar. A watan Agusta da aka yi mata aikin gwiwa, Maame Afia ta hau jirgin ƙasa biyu daga Jamaica da farfesun akuya a cikin wannan kula, ta ce a sabuwar tukunya ta dafa don kada zuciyar Hajiya ta yi ƙyama. Hajiya ta shanye tas har da suɗe cokali. Tun daga ranar kular take saman firji: mayar da ita wofi abin kunya ne, cika ta kuma girman kai ya hana.

"A Kumasi ke kika mare ni don na mayar wa maƙwabciya kwanonta ba komai a ciki," in ji Shamima, hawaye na zuba. "Kin ce 'yar zango ba ta haka. Wata huɗu ke nan, Mma."

Ta tattara ambulanta, ta durƙusa ta yi sallama, suka fita.

Kwana takwas Hajiya ba ta ɗauki wayar Shamima ba. Kullum bayan asuba Shamima sai ta kira, ta bar gaisuwa, ta tafi aiki da kumburarrun idanu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta taɓa yin kwana biyu ba ta ji muryar uwarta ba. Latif ya roƙe ta ta janye, ta ce a'a. Ta sayi rigar, da kuɗin ambulan ɗin ta biya, canjin dala shida ta sayi takardar naɗi.

Ranar Kirsimeti da safe suna sa takalma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Latif ya buɗe. Hajiya ce tsaye da sandarta, jar kula a ɗaure cikin ɗankwali, ƙamshin wake da shinkafa da yaji ya riga ta shigowa.

"Kada wanda ya ce min Kirsimeti," ta faɗa fuska a ɗaure. "Kular mutane nake mayarwa."

"Mma..." Shamima ta miƙa hannu za ta karɓa.

Hajiya ta janye. "Wa ya ce aike na zo bayarwa? Da ƙafarta ta kawo min, da ƙafata zan mayar. Latif, motar taka tana da wuri ko sai na nemi tasi?"

Da suka isa Jamaica, Maame Afia ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. A bayanta tebur ne da faranti uku, kamar kowace shekara. Ta rungume ɗanta, ta rungume Shamima, sannan ta ga kular a hannun Hajiya, ta ji nauyinta. Sai Maame ta juya da sauri, tana share ido da gefen zane, ta tafi ɗauko faranti na huɗu.

Wanda ya tsaya kan gaskiya bai zubar da ladabi ba, haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa. Alheri kuwa ba ya tambayar inda mutum yake ibada, kuma duk gidan da ya shiga, ba a barinsa ya koma wofi.