Ku Tapau Min Garin

"Wai da gaske kake ba za ka fito ba?"

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin otal, rigar sanyi biyu a jikina, na naɗe 'yarmu Ihsan kamar huhun goro. Abdulwahidu kuwa yana zaune a gefen gado da waya a kunne. Ya ɗaga min hannu alamar in ɗan jira.

"Minti biyar, Bilki... Ɗelu ce."

"Jiya ma Ɗelu ce!"

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Mijinta ya ce ta tafi gidansu. Ni ne babba, idan ban sa baki ba wa zai sa?"

"Ni kuma fa? Shekara bakwai kana ce min wata rana!"

Tun muna amarci ya yi min alkawarin zai kai ni Turai. Da jami'ar da yake koyarwa a Kuala Lumpur ta tura shi taron kwana ɗaya a Vienna, sai ya ƙara kwana biyu ya ce namu ne, ni da shi da Ihsan. A watan Fabrairun 2020 ne. Taro ya cinye rana ɗaya, rikicin auren ƙanwarsa a Kano ya cinye ta biyu, ga shi yana shirin cinye ta ukun.

Ya yi murmushin nan nasa da yake tsammanin yana gyara komai.

"Ku je kawai, Sarauniyata. Ku tapau min garin, idan mun koma gida sai in ci."

Tapau a bakin mutanen Malaysia shi ne abincin da za a ƙulle maka a leda ka tafi da shi. Ihsan ta ƙyalƙyale da dariya. Ni ban yi ba. Na ja hannunta, na buga ƙofar har sai da wata tsohuwar Baturiya ta leƙo daga ɗakinta.

Mun yi yawon, ba zan yi ƙarya ba. Mun hau jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar titi, mun je wata fada mai launin ruwan ƙwai da ɗakuna ba iyaka, mun hau wani ƙaton lilo mai juyawa wanda daga samansa ake ganin garin gaba ɗaya. Ihsan ta taɓa ƙanƙara a karon farko, ta ce ta cije ta. Da muka dawo otal Ɗelu ta riga ta koma ɗakin mijinta, mijina yana ta fara'a.

"Ina tapau ɗina?"

"Ban sayo ba," na ce.

Ni mutum ce mai riƙo, na sani. Ummata ta sha faɗa min tun ina yarinya.

Wata guda da dawowarmu aka kulle ƙasar saboda korona. Muka zauna mu uku a hawa na sha huɗu na wani bene a unguwar Danau Kota, shi yana koyarwa ta kwamfuta a falo, ni ina kicin, Ihsan tana tsakaninmu. Ba faɗa muke yi ba. Ina dafa masa abinci, ina goge masa kaya, ina amsa sallamarsa. Kawai dai wani abu ne ya mutu a cikina, ban kuma damu in tashe shi ba.

Lokaci-lokaci sai ya tsokane ni.

"Bilki, har yanzu ba a ba ni tapau ɗina ba fa. Ko hoto ɗaya..."

"Ya lalace."

"A ɗumama min mana."

"Abban Ihsan, ina da aiki."

Sai ya yi dariya ya koma kan kwamfutarsa. Daga baya ya daina dariyar. Daga baya kuma ya daina tambaya. Hotunan suna nan a wayata, ni ma ban taɓa buɗe su ba.

Kwana uku bayan Babbar Sallar 2021 zazzaɓi ya kama shi. A rana ta shida numfashinsa ya fara sarƙewa, motar asibiti ta zo, mutane biyu cikin fararen ledoji suka sauka da shi. Ni da Ihsan aka ce kada mu leƙa ko ƙofa. Na tsaya a taga ina kallon motar har ta sha kwana, sannan na koma na wanke kofin da ya sha shayi. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba.

Kullum da hantsi yakan kira ta bidiyo, robar iska a fuskarsa, kalma biyu sai ya huta. Ranar Laraba ya ce in ba Ihsan waya.

"Abba, when are you coming back?"

"Da Hausa, Ihsan..."

"Yaushe... za ka dawo?"

"In Allah ya so, uwata. Ba Mama wayar."

Na karɓa. Ya daɗe yana kallona.

"Bilki... ki yafe min."

Ina 'yar shekara sha biyar Babanmu ya kira Ummata bakin gadonsa ya faɗi waɗannan kalmomin. Ta ce na yafe maka duniya da lahira, Malam. Kafin la'asar ya cika. Tun daga ranar na ɗauka wannan amsar sallama ce, idan ka ba mutum ita ka buɗe masa hanya ke nan.

"Ka daina irin wannan maganar," na ce.

"Bilki..."

"Ka sha maganinka? Me suka ba ka ka ci?"

Washegari ya sake. Na ce masa Ihsan ta haddace sabuwar sura. Ranar Juma'a ya sake, muryarsa da ƙyar take fita. Na ce sabis ba kyau, na kashe wayar, na zauna a ƙasan kicin ina kallon firji. A raina cewa nake muddin ban amsa ba, ba inda za shi. Mutum kamar Abdulwahidu ba zai tafi da bashin magana a kansa ba.

Bayan azahar Anti Hureira ta kira. Matar Dakta ce, abokin aikinsa, a unguwar Taman Melati suke, ita ta karɓe ni kamar ƙanwa tun ranar da na sauka ƙasar nan. Ita ce take aiko mana da abinci ana ajiyewa a ƙofa.

"Bilqis, me ke damunki?"

"Ba komai, Anti."

"Ba komai? Mijinki ya turo wa Dakta saƙo. Ya ce a roƙe ki. Ya ce har yanzu kina fushi da maganar Vienna, sau uku yana neman yafiya kina kauda kai!"

"Vienna?"

"Haba Bilqis! Yawon buɗe ido ne fa! Bawan Allah yana kwance, likitoci sun ce wataƙila yau su sa masa injin numfashi, idan sun sa ba zai ƙara magana ba..."

"Anti, wallahi ba Vienna ba ce." Muryata ta fito kamar ta wata. "Idan na ce na yafe, tafiya zai yi."

Na ji tana jan hanci.

"Ƙanwata, bakinki ba ya riƙe rai, ba ya sakinsa. Amma shi can bai san abin da ke ranki ba. Abin da ya sani shi ne kin buga masa ƙofa, kuma har yau ba ki buɗe ba."

Na kira shi, ba a ɗauka ba. Na sake kira sau huɗu.

Sai na buɗe hotunan, karo na farko a wata goma sha bakwai. Ihsan a gaban fada, Ihsan da ƙanƙara a hannu, ni da hanci ja wur. Can ƙasa na ga wani bidiyo da na manta na ɗauka. A saman lilon nan ne. Garin yana shimfiɗe a ƙasa, hannuna yana rawa saboda sanyi, sai ga muryata, cike da murna kamar ta yarinya:

"Abban Ihsan, kalli! Wayyo Allah, kalli kogin can! Da kana nan da ka ce in riƙe ka... Ga tapau ɗinka nan, mai rowar lokaci kawai!"

Ashe na sayo. Tun ranar na sayo masa, na ƙulle, na hana shi.

Na tura masa bidiyon. Na tura hotunan gaba ɗaya, har waɗanda suka yi duhu. Sannan na danna wurin naɗar murya.

"Abdulwahidu..." Ban taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. "Masoyina, ba fushi nake ba, tsoro nake ji. Na yafe maka duniya da lahira. Ba ka yi min komai ba sai alheri. Ni ma ka yafe min... don Allah ka yafe min."

Saƙon ya shiga. Ba alamar an buɗe. Na ajiye wayar na dafa wa Ihsan taliya, na yi mata wanka, na yi la'asar. Komai na yi shi daidai, kamar injin da aka kunna aka manta da shi.

Asabar da safe wayata ta yi ƙara, lambarsa ce. Muryar mace na ji, wata nas 'yar Malay, tana magana da Turanci a hankali. Ta ce in yi haƙuri. Ta ce bayan asuba ne. Ta ce ba za a ba mu shi ba, su za su yi masa sutura, amma Musulmi ne za su sallace shi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," na ce. "To. Na gode."

Idona a bushe. Har na kai hannu zan kashe.

"Madam, dakata," ta ce. "Jiya kafin a sa masa injin ya roƙe ni in buɗe masa wayarsa. Na riƙe masa ya kalli wani bidiyo, na wurin sanyi. Saƙon muryarki kuma sau uku ya sa na maimaita masa. Ya yi magana da yarenku, ban gane ba, sai ya sa na rubuta a takarda yadda na ji, ya ce lallai in karanta miki."

Na ji motsin takarda. Ta fara haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da harshen da bai taɓa Hausa ba.

"Na... ya-fe. Ta-pau... ya i-so. Da za-fin-sa."

Sannan ta koma Turanci. "Tapau kawai na gane, Madam. Abinci kika aiko masa?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa. Abin da ya fito ba magana ba ce. Ihsan ta rugo daga ɗaki ta tarar da ni a durƙushe a tsakar falo, waya a ƙirjina, ina kiran sunan ubanta da ƙarfi.