Zakin da Ya Yi Yawo Bayan Ya Mutu

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis wayar ofis ta yi ƙara. Saje ya ɗauka, ya saurara, sannan ya rufe bakinta da tafin hannu.

"Daga gandun namun daji ne, yallaɓai. Wai an yi kisa."

"Wa aka kashe?" in ji Sufeto.

"Zaki."

Sufeto ya dube shi ta saman tabarau. Shekararsa goma sha tara a aiki, bai taɓa ganin zaki ba sai a bangon littafin 'yarsa. Kuma akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: ko karen maƙwabta ne ya yi haushi, canza hanya yake yi.

Suna shiga gandun ya ɗage gilashin mota har sama. Raƙuman dawa uku suka tsaya suna kallonsu ta saman bishiya, kamar su ne masu bincike.

A bakin wani kwazazzabo suka tarar da Manajan gandun da likitan dabbobi. Gawar zakin tana ƙasa, an janye rassan ƙayar da aka lulluɓe ta da su.

"Guntun Kunne ke nan," in ji Manaja, yana share gumi. "Shi ne babban zakinmu. Dominsa baƙi suke zuwa. Kuma kada ka wahalar da kanka, na riga na kulle wanda ya kashe shi."

"Wane ne?"

"Baba Mai-Sawu, tsohon mai bin sawunmu. Tun ranar Litinin yake cewa zakin ya mutu, alhali na'urar da muka ɗaura masa a wuya tana nuna yana yawonsa lafiya. Yau kuma shi ya kawo mu nan. Ta yaya ya sani, in ba shi ya yi ba?"

Sufeto ya juya ga likita. "Guba ce?"

"A'a. Ga ungulaye can sun ci sun ƙoshi, babu wadda ta faɗi. Babu harsashi kuma. Ƙugunsa ne a karye, da haƙarƙari huɗu. Abu mai nauyi ne ya buge shi."

"Ina na'urar wuyan?"

"Babu ita."

Sufeto ya daure ya gangara, yana toshe hanci. Cikin yashi, kusa da kan zakin, ya tsinci noti guda biyu. Ya juya su a tafinsa. Maharbi da wuƙa yake yanke maɗaurin irin wannan na'ura ya gudu. Wannan kuwa da sufana aka zauna aka kwance.

A ɗakin ajiya aka kulle Baba Mai-Sawu, tsakanin tsoffin tayoyi da jarkoki. Ɗan siririn tsoho ne, takalminsa ya sha faci. Sufeto ya sa aka kawo masa ruwa.

"Na gode, ɗana. Allah ya shayar da kai."

"Baba, ta yaya ka san zakin ya mutu?"

"Ai ba ni na sani ba, dabbobi ne suka gaya mini. Shekara goma sha ɗaya, duk asuba sai ya yi ruri daga kan dutsensa. Ranar Litinin shiru. Na je dutsen, na tarar da bareyi suna kiwo a gindinsa, ko ɗaga kai ba sa yi. Ga kura ta kwanta a inuwarsa ta miƙe ƙafa. In mai gida yana raye, wa ya isa?"

"Ka gaya wa Manaja?"

"Na gaya masa. Ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Sai na ɗauki sandata, kwana uku ina nema da ƙafa."

"Ka san in aka kai ka kotu, gidan yari ne?"

Tsohon ya ajiye kofin. "Shekara talatin da huɗu dajin nan yana ciyar da ni. Ko ɗan zomo ban taɓa ɗauka ba. Alhamdu lillahi. Ba gidan yarin nake ji ba, ɗana. A ce ni na kashe shi, shi nake ji."

Mai kula da kwamfutar gandun 'yar Baba ce, autarsa, kowa Auta yake kiranta. Idanunta sun kumbura da kuka.

"Yallaɓai, ni na buga takardar da aka kafa hujja da ita aka kama Baba," ta ce a hankali. "Manaja ya ce in fitar da ita, na fitar."

"Nuna mini."

Taswirar gandun ta fito, cike da jajayen ɗigo. Ta bayyana masa: duk minti goma na'urar tana aiko inda zakin yake. In ta yini ta kwana wuri ɗaya ba motsi, sai ta buga ƙararrawa, a san ya mutu.

"Ba ta buga ba?"

"Ba ta buga ba. Amma…" Ta waiga ta dubi ƙofa. "Na so in yi magana, na ji tsoro. Zaki da dare yake yawo, ya kwanta da rana. Tun ina 'yar ƙarama Baba ya koya mini. Wannan kuwa tun Litinin da rana tsaka yake yawo, ya kwana a gindin tsamiya ɗaya."

Sufeto ya matso da kujera. "Ina yake bi?"

Ta bi ɗigon da yatsa. "Tafkin dorina. Filin jakunan dawa. Mashayar giwaye. Sannan ya dawo tsamiya." Yatsan ya tsaya cak. "Yallaɓai, wannan ai hanyar motocin baƙi ce!"

"Zagaye ɗaya awa nawa yake ɗauka?"

"Huɗu. Kuma kullum yana tsayawa rabin awa a tafkin dorina."

"Na gode, Auta. Kin yi aikin 'yan sanda uku."

Ya tura Saje gindin tsamiyar. Kafin azahar ya dawo da na'urar. A kogon bishiyar ya same ta, naɗe cikin tsumman goge mota mai warin baƙin mai.

Direbobi biyu ne ke zagaya da baƙi. Sufeto ya same su a gareji, kowa jingine da buɗaɗɗiyar motarsa. Ɗaya ƙato ne mai surutu, ana ce masa Guguwa. Ɗayan kuwa Sannu-Sannu, kansa a ƙasa yana murza hula.

"Guguwa, ka taɓa sauka daga hanya ka shiga ciyawa?"

"Ni? Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe!"

"Wannan ƙarcen ƙaya a jikin motarka fa?"

Guguwa ya sosa ƙeya. "To, wani lokaci giwa takan tare hanya, mutum ya ɗan kauce."

"Awa nawa kake zagaye?"

"Biyu cur! Ni ba na wasa. Tambayi wancan." Ya nuna abokinsa yana dariya. "Awa huɗu! Baƙi har gemu suke fitarwa a motarsa. Shi kaɗai ke kashe inji a tafki, rabin awa yana jiran dorina ta yi hamma."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya duƙa a gaban motar Sannu-Sannu, ya shafa ƙarfen gaban. Fentin sabo ne fil.

"Yaushe ka yi fenti?"

"Ya… ya kai wata, yallaɓai. Tsatsa ce."

Sufeto ya duba ɗan yatsansa. Fentin ya kama shi.

Ya miƙe, ya ce wa Saje ya kawo Baba Mai-Sawu. Ma'aikata suka taru a bakin gareji. Auta ta fito da gudu.

"Babu wanda ya amsa laifi," in ji Sufeto da ƙarfi. "Saboda haka da tsohon za mu tafi. Saje, sa masa ankwa."

Baba ya miƙa hannayensa biyu ba musu. Ankwar ta yi ƙara sau ɗaya.

"A'a!"

Sannu-Sannu ne. Hular ta faɗi daga hannunsa, ya zube a gaban tsohon.

"Ku cire masa! Wallahi ni ne. Mutumin nan shi ya kawo ni aikin nan. Shi ya koya mini bambance sawun kura da na damisa. Ranar da ɓauna ta biyo ni, shi ya shiga tsakaninmu da sanda. Ba za a ɗaure shi ina kallo ba."

"Faɗi yadda aka yi."

"Ranar Lahadi ne, bayan la'asar. Ina da baƙuwa, wata tsohuwa. Kwana huɗu ina zagayawa da ita ba mu ga zaki ba, kuma da safe za ta tafi. Ta ce mini da wuya ta sake zuwa a rayuwarta. Sai na fita ni kaɗai in gano inda yake. Na yanki ciyawa, na taka mota. Ni da ban taɓa gudu ba! Ashe yana kwance a ciki." Ya sunkuyar da kai. "Na zauna har ya cika. Sai tsoro ya kama ni. Na san na'urar za ta yi ƙara. Na kwance ta, kullum in ɗauko ta a tsamiya in ce wa baƙi taya nake dubawa, in sa ta ƙarƙashin kujera. Baba, ka yafe mini. Ina ji ana ce maka tsufa, na yi shiru."

Saje ya cire ankwar daga hannun tsohon ya mayar a na Sannu-Sannu. Baba ya ɗauki hular daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya sa masa a kai.

"Ka yi shiru kwana uku, yau ka yi magana. Na gode maka da yau ɗin. Je ka, zan zo in duba ka."

Aka tafi da Sannu-Sannu mota. Manaja ya zo yana kame-kame, ya ba Baba haƙuri a gaban kowa. Auta ta durƙusa za ta yi wa Sufeto godiya, kuka ya hana ta.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Noti biyu kawai na tsinta. Sauran duk ke da mahaifinki ne. Ni ya kamata in gode."

Baba ya raka su har mota. Can sai ya kama hannun rigar Sufeto, ya nuna masa dutsen da ke nesa. Bareyin da ke gindinsa duk sun watse. A saman dutsen wani matashin zaki ne zaune, gezarsa ba ta gama fitowa ba.

"Ɗansa ne," in ji Baba. "Gobe da asuba za mu ji muryarsa."

Sufeto ya shiga mota. Saje ya tayar da inji.

"Dakata tukuna," in ji Sufeto.

Ya sauke gilashin har ƙasa.