Hannun Kuku

A kasuwar Katako Lukuman ya fara ganin Maimunatu, cikin damunar 1978. Ta kawo wa babanta abinci rumfarsa, shi kuma ya zo sayen guntun katakon yanka nama. Da ta tambaya, sai ya ce benci zai yi.

"Ina kake aiki?"

"Rayfield. Wajen wani oga."

Bai ƙara ba. Kuku ne a gidan, kuma gara masa mutuwa da a ji a unguwarsu ta Ali Kazaure cewa namiji kamarsa na riƙe ludayi.

Ya fara zuwa zance. Tana kiransa "Akawuna", sunan yana sukarsa kamar ƙaya. Babanta, Malam Isa, ya ce wanda ba zai faɗi sana'arsa ba, ba shi da 'yar da zai ba shi.

Ana nan sai kaskon mai ya kife masa a hannun dama. Oga ya kai shi asibiti, ya ɗauki wani kuku. Maƙwabcin Lukuman, Nnadozie, mai aikin inshora, ya dubi hannun ya girgiza kai.

"Fijon oga akwai inshora. Kai fa?"

"Babu."

Lukuman ya shige ɗaki, ya daina fita. Ran nan da la'asar ya ji muryarta a zaure.

"Akawuna, fito."

Ya fito, idonsa a ƙasa. "Ni ba akawu ba ne. Kuku ne. Yanzu ko kukun ma ba ni ba ne."

"Na sani. Kullum ƙamshin kori da albasa kake. Kuma wane benci ake yi da katako kamar faranti?"

"Kika yi shiru?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Je ka faɗa wa Baba."

Ya je ya durƙusa, hannun a cikin riga, ya faɗi komai.

"Fito da shi," in ji Malam Isa.

Ya fito da shi. Tsohon ya ajiye nasa kusa da shi. Babu yatsu biyu.

"Injin tsaga katako ne. Ni ma ba wanda ya ce min sannu. Da ragowar yatsun na ciyar da Maimunatu. Ɓoyon ne ya ɓata min rai, ba girkin ba. Turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da hannun ya warke ya samu aiki a wani gidan, Nnadozie bai bar shi ya taɓa tukunya ba sai da ya yi inshora.

Girkinta na farko, ta miƙo masa ludayi. "Kukuna, ɗanɗana."

Ya karɓa da hannun mai tabo, a tsakar gida, maƙwabta na kallo.

"Ƙara gishiri."

Allah ya bar su tare.