Ranar da Hannun Auta Ya Yi Ƙarya

"Me zan yi da surukin da ko gobara ta tashi ba zai ji ihu ba?"

Umma ce ta faɗa, a gaban baƙon, tana wani kaɗa ƙafa. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa Injiniya, mai gyaran kekunan guragu a kwalejinsu, yana durƙushe a bakin tabarma, ya zuba wa hannayenta ido yana jiran fassara. Kurma ne, ita kuma shekara biyu ke nan tana koyon aikin tafinta da maganar hannu.

Auta ta ɗaga hannu ta yi masa alama.

"Umma ta ce sannu da zuwa... ta ji daɗin ganinka."

Ya dubi fuskar Umma, ya dubi Auta, ya miƙe ya fita.

Kwana biyar ko saƙo babu! Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. A aji malama na nuna alamomi, ita hankalinta na kan taga. Abinci ma sai ta cakala ta ture. Rana ta shida haƙurinta ya ƙare, ta faɗa shagonsa da ke bayan ɗakin karatu. Ya ba ƙofa baya yana ɗaure taya, sai ta kunna fitila ta kashe, ya waigo.

"Masoyina, laifin me na yi?" in ji hannayenta.

Ya goge baƙin mai tukuna.

"Mene ne darasin farko da aka koya muku?"

"Tafinta ba ya ƙari... ba ya ragi."

"To?"

"Tsoro na ji kada ranka ya ɓaci!"

"Na ga ƙi a fuskar Umma, na ga maraba a hannunki. Tun ina yaro ake zaɓar mini abin da zan sani, wai tausayi. Ban zaci har da ke ba. In matata za ta riƙa tace mini duniya, gara in zauna ni kaɗai."

Kai, maganar nan ta soke ta! Ta yi kuka har da shessheƙa, ta roƙe shi ya sake zuwa ko sau ɗaya.

Washegari ga shi durƙushe a bakin tabarmar nan.

"Umma, ki maimaita abin da kika faɗa ran nan. Yau ba ragi," in ji Auta.

"Ke, ba ki da kunya ko?"

Auta ta fassara.

"Au! Har wannan kika gaya masa?"

Ta fassara wannan ma.

Umma ta ja tsaki, ta maimaita zancen gobara. Auta ta cije leɓe, ta isar da shi kaf, hawaye na zuba. Injiniya ya gyaɗa kai ya ɗaga hannu, ita kuma ta ara masa murya.

"Gaskiyarki, Umma, ba zan ji ihu ba. Amma mai jiran ihu ai ya makara. Tun shigowata nake jin ƙaurin tukunyarki."

"Wayyo, girkina!"

Umma ta zabura sai kicin. Can ta dawo riƙe da murfi, tana danne dariya ta ƙi dannuwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Gaya masa ya turo magabatansa. Kuma saura ki rage!"

Ya riga ya karanta a fuskar Umma, idonsa har ya ciko. Duk da haka bai motsa ba, ya tsare hannayen Auta da ido har ta kai kalmar ƙarshe.