Ranar da Jirgin Mu'azzam Ya Juya

"Malam, mu fa ba ma gyaran talabijin a nan."

"Wallahi ba talabijin ba ce. Ki dai duba ta da kyau."

Sai a lokacin Najeeba ta ɗago kai daga wayar da take gyarawa. Saurayi ne dogo, rana ta dafa shi, ya rungumo wani akwati mai allo kamar mai rungume da jinjiri. Idanunsu na haɗuwa ta shagala, har ƙarfen narka dalma ya kusa ƙona mata yatsa.

Ya ce sunansa Mu'azzam, jirgin ruwa yake tuƙawa a dam ɗin Dadin Kowa, yana ƙetarar da 'yan kasuwa. Na'urar ta marigayi mahaifinsa ce, ita ke nuna hanya da zurfin ruwa. A cikinta tsohon ya sa alama a kan kowane kututture da ruwa ya shanye. Yanzu ta koma ɗaukewa a tsakiyar tafiya, shi ne aka kwatanta masa shagonta na unguwar Nasarawo a Gombe.

Najeeba ta jona ta, ta kama tar. Ta goge, ta ɗaure, ta ba shi. Bai jima ba ya dawo da ita. Ta sake jonawa, ta sake kamawa. Haka ya yi ta zarya, ita kuma ta koma duk acaɓan da ya tsaya a ƙofar shago sai ta leƙa.

Ranar da kunyar kanta ta kama ta, a kansa ta sauke.

"Kyaftin, ka faɗi gaskiya. Lafiyarta ƙalau. Kawai dalilin zuwa kake nema."

Fuskarsa ta canza. "Rayukan mutane nake ɗauka, Najeeba. In ganinki nake so, da ƙafata zan zo, ba zan yi ƙarya da kayan Babana ba."

Ya ɗauki abarsa ya fita, bai ƙara dawowa ba.

Wayyo Najeeba! Zama ya gagara, abinci ya fita kanta. In hadari ya haɗo ta gabas sai ta tsaya bakin shago tana murza yatsu. Ta rubuta saƙo ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta rufe ido ta tura:

"Ka yi haƙuri, bakina ne ya riga hankalina. In lafiyarta ƙalau a teburina, to ciwon yana jikin jirgin. Ka kira ni ta bidiyo in gani."

Amsa ta zo nan take: "Na huce tun a kan acaɓa, Injiniyata. Kunya ce ta hana ni dawowa."

Ta bidiyo ta sa shi bin waya tun daga allo har batir. Can ƙarƙashin benci ta hango wani ƙulli na leda da roba.

"Mene ne wancan?"

"Haɗin waya ne. Haka duk muke naɗewa don kar ruwa ya shiga."

"Kwance shi."

Yana kwancewa sai ga tagulla ta yi kore shar, tana marmashi. Ledar da aka sa don ta kore ruwa ita ta tsare danshi a ciki, inji na girgiza wuta ke yankewa. Suka yi ta dariya, har ya manta da kashe kiran ya ce, "Ni dai na ga matar aure."

Ta ji. Ranar, keke-napep ɗin da ta hau ya wuce layinsu a unguwar Madaki ba ta sani ba.

Allon tsohuwar ya riga ya fara dusashewa, don haka ta lallashe shi ya sayi sabuwa, ta kwashe alamomin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya ta zuba a ciki. Soyayya kuwa ta yi jijiya, sai dai Alhaji Hudu, mahaifinta da take kira Baffa, da ya ji zancen ya girgiza kai.

"Mu mutanen tudu ne. Ko saniyata ba na turawa ruwan da ban ga ƙasansa ba, balle 'yata. Ga Abdulgafar na unguwar Federal Low-Cost ya turo, aikinsa a ofis, ya dawo gida a bushe. Ba zan tilasta miki shi ba, amma wancan ban yarda ba."

Ta yi kuka har ta gode Allah. Ta rubuta wa Mu'azzam: "Baffa ya ƙi. Kyaftin, zuciyata kamar jirgin da ba matuƙi."

"Ki riƙe da kyau, hasken idona. Ba mu nutse ba tukuna."

Saura gwada sabuwar na'ura a kan ruwa. Ta durƙusa gaban Baffa ta ce aikinta ne, in ba ta gwada ba alhakin fasinjoji na wuyanta. Ya ce, "Ba za ki je ke kaɗai ba. Ni zan kai ki."

Jirgi ya tashi, Baffa na zaune a tsakiya ya ƙanƙame sandarsa. Na'ura na aiki kamar me, kowane kututture na fitowa a allo, Mu'azzam na kauce masa. Murna ta cika Najeeba, ga tsallake har an fara hango itatuwa. Kwatsam sai Mu'azzam ya dubi sama, ya ga hadari na haɗowa, ya rage wuta, ya karkata jirgi.

"Me kake yi?" ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Hanya a buɗe take! Baffa na kallo, saura kaɗan!"

"Na'urarki ƙasa take gani, ba ta ganin sama. Wannan iskar ban yarda da ita ba."

"Zai ce tsoro ka ji!"

"Gara ya ce."

Suka koma inda suka fito. Hadarin ma bai zuba ba, ya watse abinsa. Har suka shigo Gombe Najeeba tana bayan mota tana share hawaye da gefen mayafi. Shi ke nan, ta ce a ranta, ya ɓata komai.

Bayan la'asar Baffa ya sa aka kira ta, ga Inna, mahaifiyarta, zaune a gefe.

"Yaron nan ya san a kan me na shiga jirginsa," in ji shi. "Ya san in ya ƙetare zai burge ni, ga ki kuma kina zuga shi. Duk da haka ya juya. Na yi kiwo tun ina ƙarami, makiyayin da ake ba wa amanar garke shi ne mai kora shanu gida tun ruwa bai sauko ba, ko da za a yi masa dariya."

Najeeba ta ɗago jajayen idanu.

Baffa ya juya wajen Inna, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"A ba wa mutanen Abdulgafar haƙuri. A gaya wa Mu'azzam ya turo magabatansa, na ba shi. Bayan Sallah za a ɗaura, Allah Ya yi musu albarka, Ya sa a gama lafiya."