Igiyar Tambari

A zamanin Sarki Mai Tabo, cikin bazarar da ƙanensa Ciroma ya kewaye birni da mayaƙa yana neman gadon sarauta, rijiyoyi suka ƙafe har ya rage ta ƙofar fada kaɗai. Ita ma kullum ruwanta ƙara nisa yake yi. Aka ƙulla dabaibayin dawaki a igiyar guga, aka yayyaga rawuna aka tufke, amma guga ko laka ba ya taɓowa. Sai ga manyan fadawa da sanƙo a rana, ba mai ƙarfin yi wa wani dariya.

Sarki ya kira Sarkin Tambari, dattijon da ke kula da tamburan sarauta, ya ce, "Kwance igiyoyin fatar tamburan nan, a ƙara wa guga."

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, tambari ba ya shiru da hantsi sai in sarki ya rasu. Masu tsaron ƙofar birni da kunne suke sanin kana raye."

"A aika musu."

"An rantsar da su kada su gaskata ɗan aike, Allah ya ja zamaninka. Tambari kaɗai."

Sarki ya dube shi, ya ce, "Baba, yaushe rabon gidanka da ruwa?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. 'Yarsa na jego, nono ya ɗauke, jaririn ko kuka ya daina. Da hannunsa ya kwance igiyoyin yana hawaye, ya ƙulla su. Guga ya sauka, aka ji ya taɓa ruwa, mata suka rangaɗa guɗa. Shi dai ya kai ƙwarya guda gida, bai iya kurɓa ba.

Washegari hantsi ya dubi ludayi, fada shiru. Masu tsaro suka jira har rana ta take, sannan suka tuɓe huluna, suka buɗe wa magaji ƙofa kamar yadda al'ada ta ce a yi in sarki ya rasu. Ciroma ya shiga ko kibiya bai harba ba.

Masu ba da labari sun ce a bakin rijiya aka kama Sarki yana jan guga da kansa, kuma ba a sake ganinsa ba. Aka sa tsohon ya mayar da igiyoyin, ya buga wa sabon sarki. Fatar ta jiƙe, tambarin ya ƙi amo. Ni kam tsohon nan tausayi yake ba ni: sarautar da ta gagari mayaƙa, ashe igiya ce ke riƙe da ita, kuma shi aka sa ya kwance.