Tiyon Iska Gaba Bakwai

Ni Maharazu, shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa a Daudawa, kuma ba na buɗe wa kowa ƙofa bayan isha'i, don baƙon dare a zamanin nan sau da yawa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Wannan kuwa ko sallama bai yi ba. Fitowa na yi don yin alwala na tarar da shi tsaye a rumfata, injin kwalekwale a kafaɗarsa, kayan da ƙarti biyu ke ɗauka da nishi.

"Baba, injin nan numfashi ya gagare shi," in ji baƙon. Muryar kamar daga cikin tulu.

Na ce, "Kai ɗan gidan wa? Da safe an rufe hanya ne?"

"Da safe ba mu fitowa. A ƙara mashi tiyon shaƙar iska, mai tsawon gaba bakwai."

"Wane mahaukaci ke sa wa inji tiyo gaba bakwai?"

"Daga inda muke, Baba, sai haka zai kai sama."

Na haska tocila. Wata biyu ba a yi ruwa ba, amma ƙasa ta jiƙe sharkaf a ƙarƙashin ƙafafunsa, injin kuma duk laka da gansakuka. Na juya murfin, sai ga kafofin iska an toshe da robar taya. Ɗaurin hannuna ne. Ni na toshe su a can baya, lokacin da Gide masunci ya kawo mini injin, wai kada feshin ruwa ya shiga. Injin ya shaƙe a tsakiyar dam cikin guguwa, kwalekwalen ya nutse da su, su huɗu, ba a ga gawar kowa ba.

"Ka gane aikinka, Baba?" in ji shi. "Sauran ukun na zaure, suna gaishe ka."